Tsaron Rai da Dukiya a Lokacin Bukukuwan Sallah

Babu lokacin da kuɗi da mutane suke motsi a ƙasar Hausa kamar kwanakin da ke kewaye da Sallah, ƙarama ko babba. Cikin mako guda ma'aikaci ya karɓi albashi, ɗan kasuwa ya tara ciniki, ɗan ci-rani ya ɗaure kayansa daga Legas ko Fatakwal ya nufo gida. Masu aikata laifi sun san wannan lissafi sarai. Shi ya sa laifukan Sallah ba sa zuwa da ka. Suna bin sawun kuɗin ne da taron jama'a, daga kasuwa zuwa tasha, daga tasha zuwa filin Idi. Wanda ya gane wannan jeri zai ga cewa yawancin matakan tsaro ana ɗaukarsu ne tun kafin ranar biki.

Kasuwa ce zangon farko. A kwanakin jajibere, wurare irin su Kantin Kwari da Sabon Gari a Kano suna cika har mutum ba ya ganin ƙafarsa, kuma a irin wannan cunkoso 'yan sane suke cin kasuwarsu. A kasuwannin dabbobi kuwa, kamar Maigatari da Wudil da Mai'aduwa, abin da ya fi damun masu sayarwa kafin layya shi ne jabun kuɗi da saƙon banki na bogi. Mai saye ya nuna saƙo a wayarsa cewa kuɗi sun fita, ya matsa a saki rago saboda wai mota na jiransa. Saƙon da ke wayar mai saye ba shaida ba ne. Shaida ita ce mai sayarwa ya duba asusunsa da kansa ya ga kuɗin sun zauna. Gaggawa ita ce jarin ɗan damfara, don haka duk cinikin da ake hana mutum numfashi a cikinsa abin zargi ne.

Ƙwacen waya ya cancanci a tsaya a kansa, domin asararsa ta wuce kuɗin wayar. Layin da ke cikinta a haɗe yake da asusun banki, kuma wanda ya mallaki layin yana iya cire kuɗi ta lambobin da ake dannawa ba tare da intanet ba. Kulle layin da lambar sirri, da sanin yadda ake rufe asusu daga wata wayar, suna rage ɓarnar ƙwarai. Lambar sirrin katin banki kuma ba a faɗa wa kowa, ko da mai kiran ya ce daga banki yake. Amma idan mai ƙwace ya zare wuƙa, a miƙa masa wayar. Matasa da dama sun rasa rayukansu a Kano a kan wannan, kuma babu wayar da ta kai darajar mai ita.

Sai hanya. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, takan ƙara yawan jami'anta a manyan tituna a lokutan bukukuwa, saboda direba mai son ya yi sawu biyu a rana ɗaya yakan haɗa gudu da lodin wuce ƙima da rashin barci. Ga matsalar masu garkuwa da mutane, wadda ta daɗe tana addabar hanyoyi irin su Kaduna zuwa Birnin Gwari da Funtuwa zuwa Gusau. Tafiyar rana ta fi ta dare, haka kuma shiga mota a tasha, inda aka san direba kuma ake rubuta sunan fasinja, ya fi tsayar da mota a bakin titi don rangwamen kuɗi kaɗan. Bayyana ranar tafiya da hanyar da za a bi a Facebook ko zaurukan WhatsApp ganganci ne. Mutum ɗaya ko biyu amintattu sun isa su san inda matafiyi yake. Gidan da aka bari kuma a damƙa amanarsa ga maƙwabci, a sanar da mai unguwa da 'yan sintiri.

Ranar Sallah kanta, jama'a na taruwa a filin Idi sannan a wurin hawa. Hawan Sallar Kano, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun gado na duniya a Disamba 2024, yana jan dubban 'yan kallo, musamman Hawan Daushe da Hawan Nasarawa; haka abin yake a Katsina da Zazzau. Haɗarin wurin iri biyu ne: dokin da ya ƙwace wa mahayinsa, da 'yan daba da ke fakewa a tawagar mahaya don rama tsohuwar gaba. Bin umarnin dogarai da 'yan agaji da 'yan sanda game da inda za a tsaya ba ƙasƙanci ba ne.

Yara ne suka fi kowa shiga haɗari, kuma a nan ne sakacin manya ya fi ciwo. Ana sakin yaro ɗan shekara huɗu yawon Sallah a hannun yayarsa da ba ta kai goma ba, ga kuɗin barka da Sallah a hannu, wani lokaci har da ɗan kunnen zinariya. Da yamma sai cigiya ta cika gidajen rediyo. Tun bayan da aka gano yaran Kano da aka sace aka kai jihar Anambra a 2019, babu uban da zai ce bai san girman wannan barazana ba. Babba ya raka yara, a saka takarda mai lambar wayar gida a aljihun ƙarami, a kuma koya masa sunan mahaifinsa da na unguwarsu.

Rabon zakka da kayan abinci ma yana buƙatar tsari. A Disamba 2024 yara 35 sun mutu a turmutsutsu a wani taron biki a Ibadan, kuma cikin makon aka sake samun irin haka a Abuja da Okija. Mai niyyar alheri ya raba ta hannun masu unguwanni da limamai, ko ya kai gida-gida, maimakon ya tara mabuƙata a bayan ƙofa ɗaya.

Saura batun wanda ake zargi. A ƙarshen Maris 2025 wani gungun mutane ya kashe matafiya 16 a Uromi ta jihar Edo, mafarauta ne da ke hanyar komawa Kano yin Sallah, bisa zargin da ba a tsaya an bincika ba. Zafin da Arewa ta ji a lokacin ya kamata ya hana kowa ɗaga sanda idan aka yi ihun ɓarawo a kasuwar garinsu, domin taro ba ya sauraron shaida, kuma wani lokaci mai ihun ne mai laifin. Aikin 'yan sintiri da sauran jama'a shi ne su tsare wanda ake zargi, su kare shi daga duka, su miƙa shi ga ofishin 'yan sanda mafi kusa. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa a Najeriya ita ce 112, kyauta ake kiranta, kuma yana da kyau kowane gida ya haɗa da lambar baturen 'yan sandan yankinsa da ta mai unguwa.