Sikeli Bai San Kitse Ba: Jawabi Kan Ƙibar Yaranmu na Birni



A asibitocin gida, damtsen yaro ake aunawa don gano tamowa. 'Ya'yanmu na birni kuwa ƙiba ke bibiyarsu, mu kuma muna kiranta hutu. Sikeli ba ya rarrabe tsoka da kitse: ɗan kokawar Uhola da yaron da ke wuni gaban talabijin suna iya yin nauyi ɗaya. Kitsen tumbi ne ke share wa ciwon suga hanya.

Tun 2022 hukumar NICE ta Birtaniya ta ba da shawarar a auna ƙugu, ɗan sama da cibiya. Daga shekara 5, kada ya kai rabin tsayi. Tef ɗin tela ya wadatar. Yaro mai tsayin santimita 140, in ƙugunsa ya kai 70, mu kai shi ga likita.