Kafin Ki Biya Kuɗin Gida, Ɗauko Littafi da Wake



An ce in yi magana a kan sayen gida, saboda da yawa a cikinmu adashinsu ya fara kauri, wasu ma har sun fara bin dillalai. To ni 'yar kasuwa ce, abin da na sani shi ne lissafi. Kuma abin da ke ba ni mamaki, mace za ta tsaya ta yi minti 20 tana cinikin buhun shinkafa, ta buɗe, ta shinshina, amma gidan da ta yi shekara 10 tana tara kuɗinsa sai ta saya don ta ga tayil da sabon fenti.

Ga yadda nake ganin ya kamata a yi. Tun kafin ki taka ƙafa gidan kowa, ki zauna da littafinki ki rubuta abin da kike nema. Na ce tun kafin, domin in kin riga kin ga gida ya shiga ranki, duk abin da za ki rubuta daga baya shi za ki yi wa kara.

Shafin farko na abubuwan da babu ciniki a kansu ne. Takarda: akwai shaidar mallaka ko babu, sunan wa ke kanta? A nan Kano ana iya zuwa ofishin KANGIS a bincika, kuma mai unguwa ya san tarihin kowane gida a unguwarsa. In gidan gado ne, an raba? Duk magada sun yarda, har matan da ke aure a wani gari? Mutum ɗaya ya ce bai sa hannu ba, kin sayi shari'a. Sai ruwan sama. Gidan da kika gani a watan Janairu ba shi ne na watan Agusta ba. Ki duba gindin bango ko akwai layin da ruwa ya bari, ki duba kwatami, ki tambayi maƙwabciya, kar ki tambayi dillali. Ba zaginsa nake ba, sana'arsa ce, amma la'adarsa ba ta fitowa sai an saya. Gidan da ya faɗi a wannan shafi ki ja masa layi, ko da benaye ne.

Shafi na biyu shi ne inda ake rigima da zuciya. Ki ƙirga ƙwayar wake 20, ki raba su a kan abubuwan da kike so, kowanne gwargwadon nauyinsa a wurinki. Misali ni zan ba kusa da kasuwa 7, ruwan sha 5, makarantar yara da Islamiyya 4, yawan ɗakuna 3, kyan gini 1. Waken ba ya ƙaruwa, in kin ƙara wa wannan dole ki rage wa wancan, a nan za ki gane abin da kike so da gaske. Wadda ke sana'a a cikin gida rabonta daban, wataƙila tsakar gida mai faɗi ce za ta kwashe waken.

Daga nan duk gidan da kika je, ki ba shi maki daga 1 zuwa 5 a kan kowane abu, ki ninka da wakensa, ki haɗa jimilla. A ce ga gida mai kyau a bayan gari, ga wani tsoho kusa da kasuwa. Mai kyan ya ci 5 a kyan gini, sau wake 1, ya samu 5. Tsohon ya ci 5 a kusanci, sau wake 7, ya samu 35. Kun ga inda fenti ya tsaya? Wadda hannunta bai faɗa da rubutu ba tukuna, ta jera waken a faranti, 'yarta ta rubuta mata.

Nisa kuwa kuɗi ne, ku daina cewa "ai da ɗan tafiya kawai". In gidan zai ƙara miki naira 400 ta adaidaita sahu kullum, kwana 26 a wata naira 10,400 ke nan, a shekara 124,800. Ba a sa na yara ba. Haka in unguwar sai an sayi ruwa wurin 'yan garuwa, ki lissafa jarka nawa gidanki ke sha. Ki ɗora duk wannan a kan farashin, da la'ada, da kuɗin gyara, sannan ki ce wane ne mai araha.

Wata za ta ce, Hajiya, to ina maigida, ina istihara? Suna nan. Ki ba shi nasa waken shi ma ya raba, in kun saɓa kun san a kan me kuka saɓa, ba sai an yi ta hayaniya ba. Istihara kuma ki yi ta bayan kin gama bincikenki.

Abu ɗaya da ba zan sassauta ba: in kuɗinki ne, sunanki za a rubuta a takardar ciniki, da shaidu, ki karanta da idonki kafin ki sa hannu. Wannan ajin da muke zuwa da yamma, har ana mana dariya wai girma ya zo muna riƙe fensir, ranarsa ke nan.

Mai son mu gwada tare ta zo aji da littafinta da wakenta, za mu zauna bayan an tashi.