Jari-Hujja da Hannun Hukuma: Misalin Filayen Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni



Masu ra'ayin jari-hujja suna cewa dukiyar mutum tasa ce, aikin hukuma kurum ta tsare masa ita. Bari mu auna wannan magana da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, waɗanda a da gonaki ne a bayan ganuwa, kafin birni ya haɗiye su.

Tun dokar Turawa ta 1910 ƙasar Arewa take hannun Gwamna. Dokar 1978, ta zamanin Janar Obasanjo, ta shimfiɗa wannan tsari a Nijeriya duka: Gwamnan jiha ke riƙe da ƙasa bisa amana, mutum kuwa izinin zama kaɗai gare shi. In an karɓi gonarsa, diyyar shuka da gini ake biyansa, ban da ta ƙasar kanta.

To, a nan gizo ke saƙa. In asibiti ko hanya aka yi, manomi ya yi hasara amma jama'a sun amfana. In kuwa fulotai aka yanka wa masu hali suka sayar da tsada, hukuma ta zama dillaliyar 'yan jari-hujja ke nan. Saboda haka, ku ma'aikatan yau da na gobe, kafin ku sa hannu a takardar karɓar fili, ku tambaya: don wa?