Kiwon Kai: Magana Ga Mai Doguwar Jinya

Yau maganarmu ta shafi mutanen da aka ɗora wa maganin da ba ya ƙarewa a kwana uku, watau kamar masu tarin fuka da masu hawan jini. Malamin ɗakin shan magani ya kan gan ka sau ɗaya ko sau biyu a wata. Sauran kwanakin kuwa, kai ne malamin kanka. To, yaya za ka yi ka riƙe wannan aiki?

Bari mu fara da abin da ke gabanka. Maganin tarin fuka wata 6 a ke shan sa, kowace rana. Wata 2 na farko magani iri 4 ne a haɗe, wata 4 na baya kuma iri 2. Gwamnati ce ke ba da shi, kyauta. Sau da yawa mutum ya kan ji sauƙi bayan 'yan makonni, tari ya lafa, abinci ya soma shiga, sai ya ce ya warke. Nan ne haɗarin ya ke. Ƙwayoyin cutar ba su gama mutuwa ba. In ka bar magani, waɗanda suka saura su kan yi taurin kai, ciwon ya komo, maganin farko ya kāsa, ka kuma shafa wa iyalinka. Hawan jini shi kuma ba ya yin sallama. Mutum yana tafe garau, sai a wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye. Don haka ba a barin maganinsa domin an ji daɗin jiki.

Abu na farko, ka dubi abin da ka riga ka iya. Mutane da yawa su kan ce, ni mai mantuwa ne. Anya kuwa? Kai mai noman albasa a bakin tafkin Kalmalo, ka taɓa mance ranar ban ruwa? Kai ɗan kasuwa, ai kana juya naira da sefa a ka, ba ka ɓata. Ke uwargida, yaushe ranar zubin adashi ta wuce ki? Wanda ya iya waɗannan, lalle ya iya lissafin magani. Abin da ya rage shi ne ya ɗauki jikinsa da muhimmanci kamar yadda ya ɗauki gonarsa.

Abu na biyu, ka ɗaura shan magani a jikin wani abin da ba ka fashinsa. Mafi sauƙi shi ne sallar asuba. Maganin tarin fuka ya fi aiki in ciki ba abinci, saboda haka da ka idar da salla sai ka sha, ka ɗan jinkirta kafin kunu ko fura. Ka ajiye shi wuri ɗaya kullum, inda yara ba su kai, inda kuma rana ba ta bugunsa. In ba ka karatu, sami tsakuwa 30 da ƙoƙo biyu. Duk ran da ka sha, ka ɗauke tsakuwa ɗaya daga wannan ka jefa a wancan. Sa'an nan ka zaɓi mutum guda a gida, ko matarka ko babban ɗanka, ya riƙa tambayarka. Wannan ba raini ba ne, taimako ne.

Kada ka ɗebo gyara da yawa a lokaci guda. Mai hawan jini ya fara da shan magani kullum. In wannan ya zauna, sai ya shiga rage gishiri da dunƙulen miya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, watau kimanin ƙaramin cokalin shayi, har da wanda ke cikin abincin saye. Daga nan sai a juya ga taba. Sannu ba ta hana zuwa.

Kada kuma ka raina ƙaramin abin da a ke yi kullum. Dattawa sun san kurkunu, yadda ya kan kwantar da manomi daidai lokacin shuka. A shekarar 1988 an ƙidaya mutum fiye da 650,000 masu shi a Nijeriya. Ba shi da allura, ba shi da ƙwaya. Tace ruwan sha, da hana mai ciwon shiga tafki, da haƙa rijiyoyi masu kyau, su ne suka kore shi. A 2013 aka tabbatar ya ƙare a Nijeriya da Nijar duka.

Abu na uku, kuma shi ne ya fi kayar da mutane, ka yi tanadi domin ranar da al'amura za su sāke. Mutumin bakin iyaka ya san wannan fiye da kowa. A watan Agusta na 2019 an rufe iyaka, ba a buɗe ƙofar Illela ba sai Disamba na 2020. A 2023 an sāke rufewa, sai a Maris na 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. Wanda ke zaune a wannan gefe yana karɓar magani a wancan, rana ɗaya ya kan ga hanya ta toshe. Saboda haka ka yi rajista a gefen da ka ke kwana. Kada ka bari sai ƙwayar ƙarshe ta ƙare. In saura na mako guda, je ka karɓo.

Haka nan in za ka tafi cin rani, ko za ka bi motar shanu zuwa kudu, ka gaya wa malamin ɗakin shan magani tun da sauran kwanaki. Zai shirya maka guzurin magani, ko ya ba ka takarda zuwa asibitin garin da za ka sauka. Katinka ya zauna a aljihu, cikin leda, kada ruwa ya taɓa shi. In azumi ya gabato, ka tambaye shi lokacin da za ka mayar da shan maganin, kada ka yanke wa kanka. Kafin damina kuma ka tuna da hanyar ƙauyenku, in mai yankewa ce.

In rana ta kuɓuce maka, kada kunya ta hana ka komowa. Ci gaba da sha, ka faɗa wa malamin gaskiyar kwanakin da ka yi fashi. In fitsarinka ya yi ja-ja saboda maganin tarin fuka, kada ka tsorata, halinsa ke nan. Amma in idonka ya yi rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, maza ka zo a wannan rana. Wanda kuma ke da maƙwabci mai tari har mako 2, ya rako shi a auna majinarsa.

Rigakafi ya fi magani, amma wanda aka riga aka ba magani, cikawa ita ce rigakafinsa. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ƙara wa masu ita. Sai wani mako, in Allah ya kai mu.