Makulli Biyu Ga Dukiyar Da Ke Cikin Waya

Jawabi ga jama'ar Surko da sauran ƙasar Birnin Kudu da Gwaram

Maganar yau a kan tsare dukiya ce, watau dukiyar da ba ta cikin rumbu, ba ta ƙarƙashin gado, tana cikin 'yar wayar da ke aljihu.

Wayar hannu ta shigo Nijeriya sosai a shekarar 2001, amma sai a farkon 2023, bayan an canja fasalin naira, tsabar kuɗi ta yi wuya, mutanen karkara da yawa suka koma ciniki da ita. Manomin da ya kai riɗi kasuwar Sara, da mai sayar da rago, da tsohuwar da ɗanta ke yi mata aike daga Ikko, duk sun saba da jiran saƙon banki. Abin ya kawo sauƙi ƙwarai. Sai dai inda duk dukiya ta koma, can ɓarawo ke komawa, kuma ɓarawon wannan zamani ba ya haura katanga.

Abu uku da ake shaida mutum da su

Masana sun ce hanya uku ce ake tabbatar da cewa mai asusu shi ne ke bakin ƙofa. Akwai abin da mutum ya sani, kamar lambar sirri. Akwai abin da ke hannunsa, kamar katin banki ko layin wayarsa. Sa'an nan akwai abin da ke jikinsa, watau zanen yatsa ko kamannin fuska. In aka haɗa biyu daga cikinsu, an yi wa asusu makulli biyu ke nan, wanda ya saci ɗaya ba zai shiga ba sai ya sami ɗayan.

Wannan ba baƙon abu ba ne. Duk wanda ya yi zaɓen 2023 ya ga yadda kati kaɗai bai isa ba, sai na'urar BVAS ta duba yatsa ko fuska tukuna. Haka kuma tun 2014 Babban Bankin Nijeriya ya kawo lambar BVN mai alƙaluma 11, wadda ba a ba mutum sai an ɗauki yatsunsa da hotonsa.

Kada a zaci ƙananan mutane kaɗai makulli ɗaya ke cuta. A watan Mayu na 2021, a Amurka, ɓarayi suka shiga kwamfutocin kamfanin Colonial Pipeline mai tura mai ta bututu, da kalmar sirri guda ɗaya tak, domin ba a sa wa wannan ƙofa makulli na biyu ba. Aka tsai da aiki kwanaki, mai ya yanke a gidajen mai da yawa, kamfanin ya biya fansar dala wajen miliyan 4.4.

Yadda ake raba mutum da makullinsa

Ɓarawon waya bai cika fasa makulli ba, roƙonsa yake yi, mai shi ya miƙa masa da hannunsa. Za a kira mutum da murya mai ladabi, a ambaci sunansa, a ce daga banki ne, asusunsa zai rufe yau in bai gyara BVN ba, ko kuwa a ce sunansa ya fito cikin masu samun tallafi. Sa'an nan a ce, "An turo maka wata lamba yanzu, karanta mini." To, wannan lamba, wadda 'yan boko ke kira OTP, ita ce makulli na biyu. Ɓarawon ya riga ya tsaya bakin ƙofa da na farko, shi ya sa banki ya aiko wa mai asusu lambar don ya tabbatar. Da ya karanta, an gama. Banki ba ya kiran kowa ya tambaye shi wannan lamba, ko lambar sirrin katinsa. Wanda duk ya tambaya, ko da ya san sunan kakan mutum, a kashe waya.

Irin wannan dabara ake yi wa WhatsApp. Mai kira ya ce shi ɗan ƙungiyarsu ne, za a yi taro, ga lambar shiga mai alƙaluma 6 an aiko. Alhali lambar ta ɗauke asusun ce zuwa wata waya. Kafin magariba sai 'yan'uwa da abokai su fara samun saƙo da sunan mutumin, wai yana asibiti, a taimaka. Kuɗin mutane ya tafi, mutuncinsa ya taɓu. Maganin wannan yana cikin WhatsApp ɗin kansa tun 2017: a shiga wurin saituna, ƙarƙashin asusu, a kunna tabbaci mai mataki biyu, a zaɓi wata lamba mai alƙaluma 6 da ba wanda ya sani. Facebook da Gmail su ma suna da irinsa. Kamfanin Google ya kunna shi ga mutum miliyan 150 a ƙarshen 2021, ya kuma ce satar asusu ta ragu da rabi a cikinsu.

Akwai wata al'ada da ta yaɗu, wadda kunya ke hana a tsawata a kanta. Dattijo ya je wurin mai POS, ya miƙa kati, ya faɗi lambar sirrinsa da ƙarfi a gaban jama'a, ko ya rubuta ta a bayan katin. Yawancin masu wannan sana'a amintattu ne, amma kati da lamba in sun haɗu a hannu ɗaya, makulli biyu ya koma ɗaya. Alƙaluma huɗu ne kawai, wanda ke riƙe lissafin buhu ɗari a ka ba za su gagare shi ba. Mai kati ya karɓi na'urar, ya kare da tafin hannu, ya danna da kansa. Kada kuma a zaɓi shekarar haihuwa ko 1234.

Layin waya

Tun da saƙon banki ta layi yake zuwa, layin ya fi wayar daraja. Ɓarawon da ya zare waya ranar kasuwa yakan cire layin ya sa a tasa, ya danna *565*0# ya ga BVN ɗin mai shi, daga nan ya shiga neman hanyar asusu. Saboda haka layin ma a sa masa lambar sirri. Wanda bai iya ba ya je ofishin kamfanin layinsa a nuna masa, domin in aka kuskure sau uku layi kan kulle, sai da lambar PUK da ke jikin katin da aka sayo shi. A adana wannan kati.

Layin da aka daɗe ba a aiki da shi kuwa, kamfani kan sayar wa wani. Wanda ya sake layi, lalle ya je banki ya sake lambar da ke kan asusunsa.

In waya ta ɓata, kada a kwana. A fara sanar da banki ya rufe asusu. Bankuna da yawa suna da lambar gaggawa da ake dannawa ko da wayar maƙwabci, ya kamata kowa ya tambayi ta bankinsa tun yanzu, ya rubuta ya ajiye a gida. Bayan haka a je kamfanin layi da shaidar NIN a toshe tsohon layi a karɓi sabo, kana a kai rahoto ga 'yan sanda. Wanda kamfanin layi bai biya masa bukata ba, sai ya kira hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, a lamba 622, kiran kuwa kyauta ne.