Ruwan Lagdo Na Buƙatar Bincike Guda Ɗaya

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Lagdo a kan kogin Binuwai a Kamaru a 1982, rayuwar mutanen ƙasan kogin ta sauya. Ambaliyar da ke shimfiɗa laka a fadamun Garwa, wadda manoman masakwa ke dasa dawarsu a kanta bayan ruwa ya janye, ta ragu ƙwarai. Idan kuma aka buɗe ƙofofin madatsar, kamar a 2012 da 2022, sai kuka ya tashi daga Adamawa har Lokoja. Abin takaici, kowace hukuma da nata awon: kamfanin lantarki na Kamaru na lura da injinan wuta, masana ruwa na IRGM a Yawunde na auna kogi, hukumar auna ruwa ta Najeriya, NIHSA, a Abuja na kallon nata ɓangaren. Ra'ayina shi ne a haɗa su a bincike guda ƙarƙashin Hukumar Kogin Neja da ke Yamai, kowa ya buɗe alƙalumansa.

Wasu za su ce ai laifin Najeriya ne da ba ta gina madatsar Dasin Hausa da za ta tare ruwan Lagdo ba. Wasu kuma za su ce kogunan Faro da Mayo Kebbi da Gongola, da ke shiga Binuwai a ƙasan Lagdo, su ne ke kawo yawancin ruwan. Duka da ƙamshin gaskiya. To amma wa zai raba gardamar in ba a auna kowane kogi a rana ɗaya, da ma'auni ɗaya ba? A sa manoman fadama da masunta cikin binciken, domin su ne suka san inda kifi ya daina ƙwai.