Jawabin Buɗe Lambun Koyar da Noman Ganyen Gargajiya



Mai girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Dagatai da masu unguwanni, limamanmu, jami'an gona da ma'aikatan lafiya, malaman makaranta da ɗalibansu, iyayenmu mata da 'yan uwana manoma, barkanku da zuwa. A madadin matan da suka yi aikin wannan lambu, ina godiya da kuka amsa gayyatarmu.

Babu baƙon tsiro a cikin abin da za ku gani yau. Fangulan alayyahu ne da rama da yakuwa da lalo da gasaya da karkashi, zogale ya yi musu shinge. Har kuka mun shuka a fangali saboda ganyenta kawai, ba sai mun jira ta zama bishiya ba. Duk wanda ke zaune a nan da waɗannan ganyaye aka raine shi. Abin takaicin shi ne mun fara jin kunyarsu. Tafasa da yaɗiya mun laƙaba musu abincin yunwa. Idan baƙo ya zo, sai a ɓoye kwanon kwaɗo a aika yaro sayen taliya da lemon kwalba, a ce an karrama shi.

Ga abin da ya hana mu yin shiru. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa mata 58 cikin 100 masu shekarun haihuwa a Najeriya suna fama da ƙarancin jini, haka ma yara 68 cikin 100 'yan ƙasa da shekara 5. A Arewa maso Yamma, yara 57 cikin 100 sun tsumbure. Gaskiya ne zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki suna da hannu a ciki, amma abin da ke shiga tukunya ma yana da nasa kason babba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da kayan lambu da 'ya'yan itace kullum. Mai ƙaramin ƙarfi ba zai iya sayen tuffa kowace rana ba, amma alayyahu, daga shuka zuwa cira, sati 3 ne ko 4. Yakuwa guda za ta ba ka ganyen miya, ta ba ka zoɓo, 'ya'yanta kuma a yi daddawar batso. Rama a ci ganyenta, a tuƙa igiya da ɓawonta.

Da wa'azi kawai muke so, da mun tsaya a rediyo. Lambu muka yi saboda gani ya kori ji. Wanda ya ziyarce mu zai zagaya fangula, ya tsinka da hannunsa, sannan ya bi mu madafi, domin a can ne yawancin amfanin ganye ke salwanta. Muna zuba kanwa don ganye ya yi laushi, mu bar shi yana tafarfasa har ya fita hayyacinsa, mu tsiyaye ruwan mu zubar, alhali wasu sinadaran sun bi ruwan. Za mu nuna yadda ake dafa shi sama-sama. Za mu nuna cewa ɗan man gyaɗa ko ƙuli-ƙuli yana taimaka wa jiki ya amfana da bitamin A, wanda ido ke buƙata; ke nan kakanninmu da suka haɗa zogale da ƙuli sun san abin da suke yi. Matsa lemon tsami a kan kwaɗo yana sa jiki ya fi karɓar sinadarin ƙarin jini, shan shayi a kan abinci kuwa yana rage shi. Kuka da zogale a inuwa ake shanya su, a wuri mai tsabta, ba a bakin titi cikin rana da ƙura ba.

Abu biyu ba za mu yarda da su ba. Ba ma ban ruwa da ruwan kwata, kuma ba ma cirar ganyen da aka yi wa feshi jiya mu kai kasuwa yau. Haka nan ba za mu ce wa kowa zogale maganin kowace cuta ba ne. Abinci ne mai gina jiki, marar lafiya kuma ya je asibiti.

Akwai samu a wannan sana'a. 'Yan uwanmu na Maraɗi sun daɗe suna noma zogale don sayarwa, ana kai shi kasuwanni buhu-buhu.

Ranka ya daɗe, muna roƙon a tsawata wa masu sare kuka a ƙasarka. Malamai, ku riƙa kawo mana ɗalibai, kowane yaro zai koma gida da ɗan ƙullin iri. Iyayenmu mata, duk wadda ta adana tsohon irin gasaya ko lalo a ƙwarya, ta taimaka ta kawo mu yaɗa shi kafin ya ɓace. Maza kuma ku bar wa matanku ɗan wuri a bayan ɗaki su shuka.

Yanzu ina roƙon mai girma Hakimi ya taso ya buɗe mana wannan lambu da sunan Allah. Bayan nan kowa ya tsaya, an tanadi dambun zogale da miyar yakuwa. Allah ya sa albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya.